Kuɗin Ƙofa

Damina biyu ina bin hanyar Kwalkwalawa
a bayan babur, akwatin ƙanƙara a cinya.
Yara na miƙo mini fitsari cikin kwalabe,
ja kamar ruwan zoɓo, suna ta dariya,
wai alama ce namiji ya fara kawo ƙarfi.
Kwalba ɗari uku da goma sha biyu.
Na ƙirga ƙwan tsargiya a ƙarƙashin madubi
har idona na hagu ya koyi zubar da ruwa.
In an ɗauke wuta in jira janareta,
in mai ya ƙare in ja teburi bakin taga.

Na rubuta, suka maido. Na gyara, suka maido.
A karo na uku mujallar ta karɓa.
Ranar na sayi balangu a Mabera,
har mai gadin asibiti sai da ya lashi yatsa.

Sai ga kiran Modi Gado bayan isha'i,
shi da ke riƙe da ɗakin shan magani na ƙauyen,
shi da ya lallashi iyaye gida gida,
ya manna lamba a jikin kowace kwalba:
"Dakta, na buɗe. Layi goma sha huɗu suka ba ni.
Sauran, wai sai dala talatin da tara."
Na gwada da kaina. Ni ma haka.
Sunana a sama, kwaɗo a ƙasa.
Rijiya ta bayar, guga ya hana,
alhali ƙasar haƙarta ba ta fita daga farcenmu ba.

Da na gama na biyu, kan katantanwar fadama,
na rantse wannan karon ba kulle.
Na nemi mujallar da ke barin ƙofa a buɗe,
mai waya a Illela ya karanta, na ƙetaren teku ya karanta.
Suka ce marhabin,
sai dai a nan marubuci ke biyan kuɗin ƙofa:
dala dubu biyu da ɗari takwas.
Na fara lissafi a bayan takardar gwajin jini,
albashin wata nawa ke nan,
na ajiye biro kafin in kai ƙarshe.
Ashe kwaɗon yana nan,
gefen ƙyaure aka sauya masa.

Na rubuta wasiƙar neman rangwame,
irin wadda mutum ke tallar talaucinsa da Turanci mai kyau.
Mako bakwai shiru.
Luba ta ciro 'yan kunnen aurenta ta ɗora kan faranti,
na ce mayar, ba a kai nan ba.
Wata Talata, ana tsakiyar zafin bazara, suka yafe.

Modi ya karanta har jerin sunayen ƙarshe.
Wata ma'aikaciyar jinya daga bakin wani kogi
da ban taɓa jin sunansa ba
ta rubuto: namu yaran ma haka suke.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Na koma Kwalkwalawa da shafi tara a hannu.
Inna Kulu, kakar kwalba ta tamanin da shida,
wanda sunansa Tambari, mai wushirya,
ta tare ni: "Likita, mi fitsarin yac ce?"
Na dubi takardar, buɗaɗɗiya ga duniya duka,
rufaffiya ruf a gabanta.
Na cire takalmi na zauna a gefen tabarma,
na faɗa mata da bakin da muka tashi da shi:
tsutsa ce, daga katantanwa, ta fata take shiga,
akwai ƙwaya, a sha, a rage wa yara shiga ruwa.

Ta jima tana tsince tsakuwa daga shinkafa.
"Abincinmu cikin ruwan nan ya kwana.
Wa za shi ɗauko muna shi?"

Na juya shafi na tara, bayansa fari ne.
Na rubuta tambayarta yadda ta faɗe ta,
na sa sunanta a sama.