Awa Ɗaya da Rabi

A bangon ofishin injin shinkafa, nan Argungu,
akwai kalanda mai rubutu kamar sawun tana a laka.
Ta injiniya Murugesan ce.
Kullum, kafin ya kurɓi shayi,
sai ya yage takardar jiya,
ya ɗora yatsa a kan layin ƙasa, yana motsa leɓe.

Ran Litinin muka gama ɗaura sabon inji.
Bakwai da rabi, hannuna na kan makunni,
ya ce, Arzika, dakata,
yanzu lokaci na bakin Rahu,
ba a fara sabon abu sai tara ta buga.

Motoci huɗu a ƙofa, shanshera har wuya.
Direbobi na tsaki.
Ni ma na yi, a ciki.

Na ce, Oga, wannan takarda a garinku aka buga ta.
Wa ya nuna wa nahisarku hanyar Kabi?
Ya yi dariya, ya nuna gabas, wajen fadama.
Ya ce ba da agogon gida yake lissafi ba,
daga fitowar ranarku nake ƙirgawa,
in raba yini takwas, in bar kashi ɗaya ya wuce.

Sai na tuna Baba Nomau.
Ya sassaƙa jirgi wata biyu cur,
ya bar shi kife a gindin gawo kwana shida,
wai wata bai kai kwanan da yake so ba.
Kifi na ta tsalle a Matan Fada,
mu muna cin tuwo da miya lami.
Ban taɓa tambayarsa dalili ba.
Yanzu kuma babu wanda zan tambaya.

Muka zauna kan buhunan ƙaiƙayi.
Ya ɓare gyaɗa, ya miƙo mini rabi.
Ya nuna mini hoton 'yarsa,
wadda aka ɗaga aurenta mako uku saboda tauraro.
Na ce mu dai sa'a a hannun Allah take.
Ya gyaɗa kai, bai daina kallon agogo ba.

Tara ta buga.
Na yi bisimilla, shi ma ya faɗi nasa.
Inji ya yi tari sau biyu, ya kama.
Farar shinkafa ta fara zuba,
wadda ba ta san ƙarfe nawa ba.