Kofi Bakwai

Ni ne mai kai shayi,
Jatau, mataki na biyu a takardar albashi,
shekara sha ɗaya a matsar mai ta Chikaji,
ba a taɓa cewa in zauna ba.

Ran Talata aka jera kujeru.
A dama manaja, da akanta,
da lauyan da aka ɗauko daga Kaduna
mai agogon da ya fi albashina nauyi.
A hagu namu su huɗu:
Barau shugaba, cikin rigar aro ta surukinsa,
Asabe ta Wusasa mai riƙon asusu,
Ɗanjuma direba, da Sha'aibu na bakin inji.
Teburi ɗaya ne tsakaninsu,
amma Kubanni da damina ba ta kai faɗinsa ba.

Kofi bakwai na ɗauko,
uku na tangaran, huɗu na roba.
Haka na tarar, haka nake yi,
ko da yake ba a rubuta a ko'ina ba.

Barau ya ce arba'in cikin ɗari.
Akanta ya taya biyar.
Ya ce dizal ya hau, gyaɗa ta yi tsada,
wuta sai ta ga dama take zuwa.
Ni ke share ofishinsa, ina ganin takardun bashi,
wallahi bai yi ƙarya ba.

Asabe ba ta yi musu ba.
Leda ta kwance, ta juye garin masara a kan teburi,
bai cika tafi uku ba.
Ta ce, ga yinin mutum guda,
in an cire kuɗin mota zuwa Kwangila da dawowa.
Ita ma ba ta yi ƙarya ba.

A kasuwar Sabon Gari in tayi bai yi maka ba
sai ka ce albarka, ka naɗe kayanka.
To mu hajarmu gumi ce,
wa ya taɓa naɗe gumi ya kai gida?
Su ma injinsu in ya kwana uku shiru
tsatsa ba za ta tambayi mai shi ba.

Laraba aka kai ga sakin layi na tara, batun diyya.
Lauya yana Turanci, yana juya biro.
Sha'aibu ya ɗora hannunsa kusa da takardar,
yatsu uku.
An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
ba a faɗi yatsu nawa ba.

Da azahar na ga abin mamaki:
manaja da Barau a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.
Aka sallame, kowa ya nemi takalminsa,
ya koma gefensa na teburi
kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

A waje, ƙarƙashin mangwaro, mutum ɗari biyu.
Jatau, yaya? Jatau, sun sauko?
Na ce tire na ɗauka, ban ɗauko labari ba.

Daren Alhamis, bayan isha'i,
sukari ya ƙare, muryar Barau ta dushe.
Sha takwas cikin ɗari.
Safar hannu da takalmi ga 'yan inji,
diyyar yatsa a rubuce, da lamba,
kuma ba za a kori wanda ya yi magana ba.

Wasu suka yi tafi, wasu suka ce an sayar da mu.
Ɗanjuma ya zauna a bakin kwata yana murza ido.
Ni na yi lissafi da yatsuna, duk goma suna nan:
tiya biyu ta masara, sabulu sanda ɗaya,
kuɗin makarantar Talatu bai fito ba.

Shayin ƙarshe, na sa hannu.
Na miƙa wa Sha'aibu tangaran,
na aje wa manaja na roba.
Ya dubi kofin, ya dube ni,
ya hura, ya kurɓa.
Wannan kam ba a sa shi cikin yarjejeniya ba.