Gilashi Na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai, sanyin Jos na cizon yatsu.
Na hura hannu, na kunna fitilar madubi,
na jawo tiren gilasai gabana.
Kowane gilashi mace ce
da aka shafo daga bakin mahaifarta,
aka rina da shuɗi da ruwan hoda,
aka ce in karanta.

Na goma sha bakwai. Suna a gefen takarda:
Kaneng, shekara talatin da takwas.
Na san wata Kaneng a Farin Gada,
mai tsibin dankali da kabeji,
wadda ba ta bari in tafi babu gyara.
Na ce a raina, ai Kaneng da yawa a garin nan.
Na sunkuya.

Fatar wurin nan gini ce, jeri kan jeri.
Na ƙasa su ke haihuwa,
na sama sun tsufa, sun baje, suna jiran zubewa.
A haife ka a ƙasa, ka hau, ka faɗi,
wani ya maye gurbinka. Haka tsarin yake.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun shiga.
Tsagar nan ido ba ya ganinta,
mai ita ma ba ta ji ba.
Ta nan baƙon ya gangara
har ɗakin ƙasa inda ake haihuwa,
ya tuɓe rigarsa a bakin ƙofa,
ya cusa 'yar takardarsa cikin littafin gida.
Ba sallama, ba zazzaɓi.

Cikin mata goma, tara jikinsu kan kore shi
kafin damina biyu,
ba su ma san an yi baƙo ba.
Amma wani sa'in yakan shimfiɗa tabarma.

Masu gadi biyu ne a kowace ƙwaya.
Ɗaya na riƙe da birki, ba a rabuwa sai da izininsa.
Ɗaya na bin lissafi, in ya ga ɓarna ya ce a rushe ɗakin.
Baƙon ya ɗaure na farko,
ya tura na biyu juji.
Daga nan haihuwa ba mai tsawatarwa,
kuskure na goyon kuskure,
shekara goma, sha biyar,
shiru irin na kududdufan kuza a Bukur
da samansu ke kwance luf,
ƙasansu kuwa ya ci mutane.

Ga su nan ƙarƙashin idona.
Tsakiyarsu ta yi baƙi, ta yamutse kamar busasshiyar ɗinya,
da farin zobe kewaye
irin na wata a daren hadari.
Na zagaye gilashin sau uku, wuyana ya ƙage.
Gobara ce da ba ta bar murhu ba.
Ban ga alamar sankara ba tukuna.
In ta dawo asibiti, aikin rabin awa ne.
In ta dawo.

Na rubuta, na sa hannu, na ja layi biyu da jan biro.

Da yamma Tasallah ta tare ni a ƙofa,
ta naɗe hannun rigar makaranta
tana nuna min inda allura ta shiga.
Maƙwabciya ta leƙo ta katanga:
ke da kanki kika bari aka yi mata?
Na ce, ni na cike takardar.
Ban gaya mata abin da na wuni ina kallo ba.

Ran Asabar na je Farin Gada.
Kaneng na dariya, tana korar akuya da zani.
Ta auna min mudu, ta ƙara uku a kai.
Bakina ya yi nauyi, aikina ba ya yarda in tambaya.
Sai na ce, 'yar'uwa, in asibiti suka kira ki kan wani abu,
ko ranar kasuwa ce, ki je.
Ta dube ni, dankali ɗaya a hannunta,
ba ta sa shi a leda ba,
ba ta mayar da shi tsibi ba.