Sallama a Bakin Ƙofa

Malam Tanimu ya koya mana da alli,
a ajin da fankarsa ta daina juyawa:
wannan sinadari ɗan aike ne mai haƙuri.
Jikinsa maiƙo, yana ratsa bango ba neman izini,
ya wuce zaure, ya wuce tsakar gida,
sai ƙuryar ƙwayar halitta,
inda aka ajiye littafin gado.
Can za a buɗe shafi, a kwafa, a aika.
Awa shida, in ji shi, ko kwana guda.
Muka rubuta. Muka ci jarrabawa.

Daren jiya, ɗaya saura kwata,
janareto yana tari a bayan ɗakin gwaji,
Ladidi ta riƙe agogo, ni na riƙe bututu.
Ɗigo guda na istirojin
kan ƙwayoyin da muka yi mako uku muna reno
kamar 'yan tsaki.
Ta fara ƙirga.
Ba ta kai ashirin ba
allon ya kama kore,
kalsiyam ya ɓalle
kamar kogin Kaduna a watan Agusta
in ya haura gonakin bakin gada.

Ta ce, "Ko dai na'urar ce?"
Muka sake. Muka sake.
Shayinmu ya huce.

Ashe akwai masu gadi a jikin bangon,
masu jin sallama
tun baƙo bai cire takalmi ba.
Littafi yana rufe, alƙalami a bushe,
amma gida ya riga ya miƙe tsaye,
tagogi sun buɗe, jijiya ta saki.

Ni kuwa na san wannan tun ina aji huɗu.

Ranar da aka rufe masaƙa a Kakuri
Baba ya dawo da azahar, yana tura keke,
farar ambulan a aljihun gaba.
Sallama kawai ya yi.
Inna tana tankaɗe,
rariya ta suɓuce, gari ya rufe mata ƙafa.
Ba ta iya boko ba.
Ba a buɗe takardar ba sai bayan isha'i,
ni na karanta, a gaban aci-balbal.

Abin da ke cikinta ya zo daga baya, a hankali:
sayar da keken,
komawa ɗaki biyu a Rigasa,
furfurar da ta ci gemunsa cikin damina ɗaya.
Wannan shi ne aikin ƙurya,
na shafi bayan shafi.
Malam bai yi ƙarya ba.
Rabin labarin ya ba mu.

Ladidi ta ce, "Me zan rubuta?"
Na ce rubuta: daƙiƙa goma sha bakwai.
Ta rubuta, ta yi hamma,
ta tafi neman takalmanta.

Na tsaya ina kallon koren yana dushewa.
Can ciki, ɗan aiken bai ma isa ba tukuna,
yana tafe da takardarsa.
Ban kashe fitilar ba.