Ja Mai Ƙofa Biyu

Ran da aka sauke ta daga tirela a Kwannawa,
ja wur kamar barkonon da aka shanya a rana,
na ce wa Jabbi: yau adashin shekara tara ya haihu.
Jabbi bai tanka ba. Ya durƙusa,
ya cusa hannu tsakanin cikinta da ƙasa,
hannun ya shiga da ƙyar.
Ya miƙe yana kaɗe gwiwa:
"Wagga ai kwance take tahiya."

Ban ji ba.
Mai sabon abu da ido yake saurare.

Dillali ya ce ƙarfin doki ɗari uku ne a cikinta.
Ga su nan kuwa, duka ɗari ukun,
a ɗaure bayan agwagwa da buje a shataletalen Dandima,
suna haniniya, suna shan mai,
mai kurar ruwa yana wuce mu
har da ɗaga mini hannu.

Abin da dillali bai faɗa ba:
duk tsakuwar da ta taka
sai ta aika wa ƙuguna da saƙo.
Daga Mabera zuwa Gawon Nama
na san kowane rami kamar ɗan uwa,
na san wanda ke cizo, na san wanda ke gaisuwa kawai.
Tudun da aka gina gaban makarantar 'yata
a karkace nake hawansa, kamar ƙaguwa,
ƙafa ɗaya, sannan ɗaya,
duk da haka sai na ji ƙurrr a ƙasa,
kamar ana kankare ƙanzo a tukunyar zuciyata.

Ranar awon hawan jini na je ɗaukar Inna Tumba.
Na buɗe mata ƙofa ina jiran sa albarka.
Ta leƙa, ta dubi kujerar can ƙasa,
ta dubi gwiwoyinta.
"In na zamna nan, wa ka tashe ni?
Ɗiyana, mota ta ko rijiya?"
Ta shiga tsohuwar akwalar Modi,
mai ƙofar da ake ɗaurewa da igiya,
ni ina biye a baya, ni kaɗai,
sai jakarta a kujerar gefe.

But ɗinta?
Darduma, takalmi ƙafa biyu, shi ke nan ta ƙoshi.
Buhun gero ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonmu.
Da damina ta cika layinmu
kwana huɗu tana gida lulluɓe da tampol,
ni ina bayan kabu-kabu, wando a naɗe,
makullinta na kaɗawa a aljihu.

Amma fa.

Akwai wata sa'a bayan Asuba, ranar Lahadi,
kafin masu ƙosai su hura wuta,
hanyar Boɗinga shimfiɗe, babu ko akuya.
Nan take tuna abin da aka ƙera ta dominsa.
Ƙafa kaɗan, sai kujera ta rungume ni,
dogonyaro su koma zare ɗaya kore,
kwanar da nake tsoro ta lanƙwashe mana da ladabi.
Ƙugu ya yi shiru. Bashi ya yi shiru.
Minti goma sha biyu.
Na ƙirga, ba sa kai sha uku.

Sai waya: in biya ta Kwalkwalawa in sayo kifi,
kuma tukunyar gas ta ƙare.

Jabbi ya ce akwai wani yaro a Arkilla
mai lafiyayyen baya, yana taya ta.
Na ce masa sati mai zuwa.
Wata bakwai ke nan ina faɗin haka.
Jiya Luba ta ɗinka mini ɗan matashi da rimi,
ja, don ya dace da fentin,
ta ajiye a kujerar, ba ta ce komai ba.