Littafin da Ba Ya Rufuwa

Inna Lantana, uwar adashi a Tudun Wada,
littafinta ƙarƙashin tabarma yake kwana.
Wadda ta zuba, wadda ta roƙi a jira ta Laraba,
daga ita sai Allah.
Ta rasu da asirin mata arba'in a cikinta.

Ni jikanta, ina ɗinkin aska takwas a Ƙofar Doka.
Wani ɗan kasuwar Yamai ya biya ni da kirifto.
Aka ce babu suna, lamba ce kawai,
doguwa kamar layin dogon Sabon Gari.
Na yi barci da daɗi.

Sai Barau mai gyaran waya a Kwangila,
wanda na taɓa tura wa kuɗin batir,
ya tare ni yana dariya:
"Maigida, jiya an yi ruwa a gonarka!
Wa ka yanka wa rabi da asuba?"

Ashe fuska kaɗai na rufe.
Sawuna na kan siminti, ya riga ya bushe.

Yau na buɗe sabuwar jaka, sabuwar lamba.
Inna, wace tabarma zan ɗaga?
Littafin nan yana hannun kowa,
kuma ba mai iya yage shafi.