Icen Gobe

A garinmu ice ba ya gardama.
Ka karyo marke ya ce ƙaras,
ashana ɗaya, tukunya ta fara magana.
Nan Agbowa, gaba da Ikorodu,
ice sai an lallashe shi kamar mai fushi.

Damina ta farko na sha hayaƙi na ƙoshi.
Isiyaku ya dawo daga gonar rogo
ya tarar ina hawaye ba wanda ya mutu,
shinkafa kwance a ruwan sanyi,
rabin kwalbar kananzir ya tafi a banza.

Iya Morufa ce ta leƙo ta kan danga.
Ba ta jin Hausa, Yarbancina gaisuwa ce kawai.
Ta ɗauki icena ta sunsuna,
ta haɗa biyu ta ƙwanƙwasa, suka ce dum,
ta ɗauko nata, suka ce ƙwal,
ta ja kunnena: da wannan ake zaɓe.

Ta kafa sanda huɗu a kan murhuna,
ta gicciya gora, ta jera faskare a sama.
Icen gobe ya kwana a hayaƙin yau.
Ta ba ni dunƙulen ragowar matsar manja,
baƙi, mai maiƙo, kamar gashin da aka tsefe,
ko sama na zuba ya kama.

Daga nan duk Talata da Asabar
adda a hannu, gammo a hammata,
muna bin hanyar da ta wuce makaranta.
Ta nuna min wanda ke tartsatsi ya huda zane,
da wanda hayaƙinsa ke ɗaci a miya,
da ruɓaɓɓen da ke da kyau a ido,
ka ɗaga, gara ta zubo maka a ƙafa.
Jajayen tururuwa sun san bayana.
Sau ɗaya na ja reshe, reshen ya motsa,
na bar takalmi ɗaya a wurin har yau.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Bara aka kawo katafila,
ta kwantar da dajin cikin kwana shida.
Kowa ya yi ta jida, har da 'yan acaɓa,
na tara tsibi ya kai taga,
na ce kakarmu ta yanke saƙa.
Iya Morufa ba ta ɗauki ko tsinke ba,
ta zauna a kan kututture tana kallo.
Bana wurin katanga ce da allo da mai gadi.
Tsibina ya ƙare tun azumi.
Yanzu sai mun wuce gadar katako,
mu fita da asuba, mu dawo rana ta take.

Hajaru ta bugo daga Agege:
Inna, ki sayi tukunyar gas ki huta.
Na tambayi kuɗin cikawa, ta faɗa,
na ce ki gai da mijinki.

Iya Morufa ba ta zuwa daji yanzu.
Idonta ya yi fari, ƙirjinta yana kiɗa,
shekara hamsin tana bandar kifi.
Ni ma na fara tari da asuba,
ban faɗa wa Isiyaku ba.
In na ɗauro dami nakan warware shi biyu a ƙofarta.
Sai ta lalubo guda biyu ta ƙwanƙwasa,
ta kara kunne.
Jiya suka ce dum.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta,
ta nuna min sama da murhu da haɓa.
Na jera su.
Hadari yana haɗowa ta wajen Epe.